Kiɗan Ɗan Farin Inna Dije

Kai, ajiye min gurmin nan. Ba haka ake riƙe shi ba, ka shaƙe masa wuya kamar ka kama ɓarawon kaza. Ku samarin yanzu, da kun ga tsoho zaune a bakin kasuwa yana taɓa tsirkiya biyu sai ku ce ai wannan ba aiki ba ne, kwana biyu ya ishe ku. To, ku zauna. Tunda kun ce in koya muku, sai kun fara jin yadda ni na koya. In kun ji kuma har yanzu kuna so, sai mu ga abin da yatsunku za su iya.

Abu na farko, ni ba makaɗi ba ne, ba a kuma haife ni a gidan kiɗa ba. Gyartai ne ni. Ɗinkin ƙwarya na koya a hannun kawuna Barau, nan unguwar Yara, shi ya riƙe ni bayan rasuwar ubana. Lokacin Nasara bai daɗe da zama a garin nan ba. Da kuɗin wuri ake ciniki, kwanon ƙarfe kuwa sai a gidan mai hali, shi ma ajiye shi ake yi don baƙo. Duk abin da mutum zai ci, ko ya sha, ko ya auna, a ƙwarya yake. In ta fashe ba a yar da ita, wurinmu ake kawowa.

Ƙwaryar farko da Kawu ya sakar min ta wata Bagwandariya ce mai sayar da dawa, tsagar ta kai rabi. Na ɗauki basilla na jera huji dab da bakin tsagar, wai don ɗinkin ya yi kyan gani. Ina jan zare sai ɓaras, gefen ya ɓalle. Kawu bai yi faɗa ba. Ya karɓa, ya fara yin huji ɗaya a can ƙarshen tsagar, inda ido bai ma ga ta kai ba, ya ce, "Nan za ka fara tsayar da ita, in ba haka ba kana ɗinki tana tafiya." Sannan ya ja da hujin baya kaɗan, ya jiƙa meɗi, wato saiwar kaba da fatake ke kawo mana daga arewa, ya ɗinke. In ƙwaryar hatsi ce, zaren tukurwar rafinmu ya isa. In ta nono ce ko ta ruwa, sai meɗi, a cusa auduga a bin ɗinkin, a shafe da man kaɗe. Ka zuba ruwa ka ɗaga ta sama a gaban mai ita. In ɗigo ɗaya ya sauka a goshinka, ka kwance ka sake.

Gurmina na farko da wata 'yar ƙwarya mai kauri na yi shi, wadda mai ita ta kawo ba ta dawo ba. Na sayi fatar guza wurin wani maharbi, na samo sandar gora, na murɗa izgar doki na yi tsirkiya, na yanki ɗan kara na sa a ƙarƙashinta, shi ake ce wa jaki. Ba wanda ya nuna min. A hannun wasu fatake da suka sauka a zango na ga irinsa, na bi shi da ido har na haddace. Ranar da Kawu ya gan shi ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Tanimu, gidanmu ba a roƙo." Daga ranar a cikin shago nake kaɗawa, ƙofa a rufe, na cusa tsumma ƙarƙashin tsirkiya don kada sauti ya fita. Shekaru na yi a haka. Hannu ya iya, amma ko kaza ce ta leƙo sai in ajiye.

Da Kawu ya tsufa ya bar min wurin zamansa a kasuwa, sai na riƙa sa gurmin a buhun ƙorai in tafi da shi. Kasuwar lokacin ta manoma ce. Tun hantsi za ka gan su suna fitowa ta kowace hanya, Gwandara da dawa, mutanen Mada da Eggon da doya da acca, masu manja da gishiri daga kudu, matan Fulani da nono. Bayan azahar in ciniki ya lafa, sai in juya wa mutane baya, in ɓuya bayan tulin ƙorai, in ɗan taɓa da babban yatsa kaɗai. Ni a zatona ba mai ji.

Wata ranar kasuwa wata dattijuwar Bafulatana ta kawo min babbar ƙwaryar nono, fara sol, irin wadda uwa ke bar wa 'ya. Tuntuɓe ta yi a hanya, don yanar ido ta fara rufe mata gani, ƙwaryar ta tsage daga baki har gindi. Inna Dije ake ce mata, rugarsu na can hanyar Gitata. Aiki ne na yini guda, ta ce za ta jira. Na ɗinke, na shafe, na ajiye a inuwa ya sha iska. Ina jiran ya bushe sai na manta da ita, na juya baya na ɗauki gurmi. Can sai na ji murya a bayana.

"Gyartai, in an rera maka abu, kana iya sa shi a cikin wannan?"

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Haba Inna, ai wasa nake yi, ni ba makaɗi ba ne."

"Ban tambaye ka ko kai makaɗi ne ba."

Ta kau da kai gefe, ta rufe baki, ta fara rerawa ta hanci, a hankali. Kiɗan sarewa ne irin na makiyaya in za su koro shanu gida da yamma. Yana hawa sau biyu, ya tsaya kamar mai jiran amsa, sannan ya gangaro. Na laluba a tsirkiya, na ɓata, ta sake, na ɓata, ta sake. Da na kama shi daidai sai ta daɗe tana tonon ƙasa da tsinke.

Ta ce, "Na wani ne da ya tafi. An ce masu dako suna ratsa garin nan. In kana kaɗa shi inda za su ji, wataƙila."

Na ce, "Wane ne shi, Inna? Faɗa min sunansa in riƙa tambayar masu dakon, ai ya fi sauƙi."

Ta ɗora ƙwaryarta a ka ta tafi. Wata abokiyar tallanta, Jumma, ita ta dawo ta same ni, ta ce, "Kai kuwa ba ka da hankali ne? Ɗan farinta ne. Ka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗan fari?" Ita ta ba ni labarin. Sunansa Haro. Shekarar da ciwo ya shiga shanu garkensu ya ƙare, saura biyu, su ma aka kora su a jangali. Ubansa bai daɗe ba ya rasu. Haro ya wayi gari ya bi ayarin masu ɗaukar wa Nasara kaya tsakanin Loko ta bakin kogi da ƙasar da ake haƙar kuza, bai yi sallama da kowa ba. Sauran 'ya'yanta maza ba wanda ya rayu. Nonon da take sayarwa ma na shanun ƙanen mijinta ne. Sauran mata in nasu ya ɓata sai su tsaya a bakin hanya suna tambayar duk mai wucewa, ka ga wane, ka ji labarin wane. Ita ba ta da wannan damar. Kunya ta hana ta kiran sunansa, ta hana ta ma nuna wa mutane tana nemansa, ga ido yana tafiya. Abin da ya rage mata kiɗan nan ne kawai.

To kun ga inda aka tsayar da ni. A bayan tulin ƙorai ba mai dakon da zai ji ni. Dole in tashi in koma bakin kasuwa, gindin wata ɗorawa inda hanyar Loko ta shigo, in zauna fuskata ga jama'a, in cire tsumma.

Ranar farko ba na son tunawa da ita. Tafin hannuna ya jiƙe sharkaf, yatsa yana zamewa. Na ja tsirkiya da ƙarfi don a ji, ina taɓawa ta tsinke ta mare ni a kunci. Mahauta suna kusa, suka tuntsire da dariya, wani ya ce, "Gyartai, ɗinke ta mana!" Wata mai daddawa da ta san Kawu ta riƙe haɓa ta ce, "Wayyo, jinin Barau ya koma maroƙi." Tun kafin la'asar na tattara kayana na gudu gida, na rantse ba zan sake ba. Kasuwa ta zagayo, Inna Dije ta zo ta zauna gindin ɗorawar da ƙwaryarta, ba ta aiko min da kowa ba. Ina hango ta daga tsohon wurina, tana karkata kunne duk inda ta ji motsi. Haka na kwashi kayana na koma.

Wanda ya gyara min zama shi ne Na-Tani, makaɗin mahauta, wani gajere mai kalangu da bakin tsiya. Shi gado ya yi, kakanninsa duk makaɗa ne. Na ɗauka korata zai yi. Ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Kai, kana kiɗa kamar mai neman gafara. Wa ka yi wa laifi?" Ya tsuguna, ya karɓi gurmin, ya danna fatar da yatsa, ya ce ta yi sanyi, in kai ta kusa da wutar mai tsire ta ɗan ji ɗumi, in daina wahalar da tsirkiya. Ya ce, "Ka ɗauka saboda kai mutanen nan suka baro gonakinsu? Kowa doyarsa yake so ya sayar. Ba mai kallonka sai kai."

Sannan ya ja min kunne. Kada in taɓa kiɗan mahauta ko taken masu sarauta. In an kira salla in ajiye, in an wuce da gawa in kifar da gurmin. In wani ya ji daɗi ya ajiye min goro ko 'yar doya, wannan tsakanina da shi ne, amma kada in shimfiɗa hula, kada kuma in kama sunan mutum a cikin kiɗa. Ranar da na yi haka na shiga gonarsu, sai mu haɗu a gaban sarkin makaɗa. Na ce ai ni ko waƙa ban iya ba, bakina a rufe yake. Ya ce, "Bar shi a rufe, ka zauna lafiya."

Abin da ba wanda zai koya muku shi ne sauraron kasuwa. Kai mai dariyar nan, da kai nake. Da hantsi hayaniya ce, in ka ce za ka yi gasa da ita yatsunka za su fashe a banza. Sai ka kwantar da hannu ka bi ta ƙarƙashinta. Akwai ɗan lokacin da mai saye ya taya, mai sayarwa ya yi shiru yana tunani, jaki ya gama kukansa, to nan ne sautinka ke ratsawa. Masu dako kuwa tun daga nesa nake gane su. Da na hango kawuna da kaya a jere sai in bar duk abin da nake kaɗawa in koma kiɗan Haro, in daki tsirkiyar ƙasa, don ita ce ke zuwa nesa. Su sauke kaya, su sha fura, wani ya gyaɗa kai, su tashi. In ɗinka ƙwarya, in kaɗa, in koma ɗinki. A hankali na lura na daina duban fuskokin mutane. Wata rana ma sai na tsinci kaina ina musu da wata mata a kan ɗinkin masakinta, ita tana cewa na bar huji, ni ina cewa ta zuba ruwa ta gani, hannuna kuwa yana kiɗa bai tsaya ba. Ita mai daddawar nan da ta yi min wayyo, ita ce ta koma cewa in matso kusa da rumfarta.

Sai shekarar fari ta zo. Dawa ta yi ciki ruwa ya ɗauke, fara ta biyo baya ta cinye abin da ya saura. Mutane suka gangaro daga arewa da yunwa, mu ma ba mu da abin ba su. Manomin da ke zuwa da jaki sai ka gan shi da 'yan doya a hannu. Aikina ya tsaya cik, wa zai ɗinka ƙwaryar da babu abin zubawa a ciki? Meɗin da na ajiye har gara ta cinye shi. Muka koma cin ganye da saiwar daji. A shekarar Kawu Barau ya rasu. Bai taɓa ce min na yi daidai ba, amma ya daina cewa komai in ya ga na sa gurmi a buhu.

Abin ba daɗin faɗa, amma a shekarar ne na saki jiki da kiɗa gaba ɗaya. Kasuwa ta yi shiru har ana jin gurmina daga rumfar masu gishiri. Mutane su zo ba abin saye ba abin sayarwa, su zauna gindin ɗorawa don dai kada su zauna gida suna kallon idon yara. Wani tsoho ɗan Mada, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, kullum sai ya zauna kusa da ni ya ce, "Buga, buga." In na tsaya sai ya taɓa min gwiwa. Inna Dije kuwa ba ta fasa zuwa ba. Nonon bai rufe gindin ƙwarya ba, ta rame har awarwaro yana zamewa daga hannunta. Ba ta taɓa tambayata ko an dace ba. In ta tashi tafiya sai ta ce, "Gyartai, sai wata kasuwar," in ce Allah ya kai mu.

Damina ta gaba ta yi kyau, kasuwa ta dawo, sai wata wahalar ta ƙaru. Masu zuwa dako da kansu sun yi kaɗan, aka koma kamu. Nasara yana da yaransa masu jar dara da bulalar dorina, su ake turowa ranar kasuwa su tara majiya ƙarfi. Da an hango jar dara sai ka ga samari suna tsallake tulin doya suna faɗawa cikin dawa. Wanda aka kama a zaunar da shi a rana, uwarsa ko matarsa tana tsaye daga nesa da kayan da suka kawo sayarwa.

Wata ranar kasuwa Inna ba ta zo ba, ciwon ƙafa ya hana ta. Masu jar dara suka shigo su uku, kasuwa ta yamutse. Ni dai hannuna yana kan kiɗan Haro, ya riga ya saba, ban ma san shi nake kaɗawa ba. Sai na ga na gabansu, wani dogo siriri, ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Ban kalli fuskarsa ba, hannunsa na kalla. Ya riƙe bulalar da hannu biyu, yatsunsa suna tashi suna sauka a jikinta, daidai inda ramukan sarewa za su kasance. Da kiɗan ya kai wurin nan da yake tsayawa, yatsunsa ma suka tsaya.

Ya zo ya tsaya a kaina. Hausarsa ta bariki ce, amma Fillanci na nan a ƙarƙashinta.

"Wa ya ba ka wannan?"

Na ce, "Wata mai nono ce. Gindin itacen nan take zama duk ranar kasuwa."

Ya dubi wurin da na nuna, ya daɗe. "Tana da rai?"

"Tana da rai. Ido ne ya yi rauni."

Sai ya sunkuyo, ya ɗora bakin bulalar a kan fatar gurmina, ya rage murya. "Ka saurara, gyartai. Wanda take nema makiyayi ne. Ni ka ga na yi kama da makiyayi? Matan can da ke tsaye, 'ya'yansu na kama, kuma hanyarsu ɗaya da ita in za su koma gida. Kana so su san wanda ta haifa? Kada in sake jin kiɗan nan. In ka buɗe baki, wallahi kai za ka ɗauki kaya zuwa Loko."

Kwanakin da suka biyo baya tuwo bai yi min daɗi ba. Na je na sami Na-Tani na gaya masa. Ya ce, "Ka kwanta ciwo ranar kasuwa. Mutanen nan ba su da wasa, na ga bayan wanda suka daka." Na ga gaskiyarsa. Na kuma ga gaskiyar yaron, don ba ƙarya ya yi ba. Amma an ce a kasuwa mai zuwa za su gama kamunsu su tashi, in sun tashi kuwa Allah kaɗai ya san ranar dawowa, tsohuwar nan kuma ba ta da wata daminar a jikinta. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Haka na saɓi buhuna na tafi.

Inna ta riga ni zuwa. Na zauna, na fito da basilla, na bar gurmi a buhu. Ta saurara, ta saurara, ta ce, "Tsirkiya ce ta tsinke?"

Na ce, "A'a, Inna."

"To."

Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Rana na tsaka sai ga masu jar dara. Haro bai biyo ta wajenmu ba, ya zagaya ta rumfar masu gishiri yana ba mu baya. Suka kama waɗanda za su kama, suka haɗa su, suka fara kora su ta ɗaya hanyar. Na jawo gurmi na fara. Na daki tsirkiyar ƙasa iya ƙarfina. Na ga kafaɗarsa ta motsa, amma bai juyo ba, sai ma ya ƙara sauri. Gurmi ƙaramin abu ne, iyakar inda yake kaiwa ke nan. Kaɗan ya rage ya fita daga inda zai ji.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ni da ban taɓa ɗaga murya a kasuwa ba ko don kiran mai ƙwarya, sai na ji bakina ya buɗe a kan kiɗan.

"Haro! Haro na Dije, mai sarewar kara! Yamma ta yi ba ka koro ba, Haro!"

Muryar ba daɗi, ta fashe a tsakiya. Na sake. Ina cikin na uku sai na ji kalangu ya ɗauka daga wajen mahauta. Na-Tani ne, shi da ya hana ni kama sunan mutum, ya matse kalangunsa a hammata yana faɗin sunan tare da ni, kalangu kuwa har bayan gari ake jin sa. Kasuwa ta tsaya. Masu awo suka tsaya da mudu a hannu. Ba wanda bai ga mutumin da ya juyo ba.

Inna Dije, da ta ji sunan a bainar jama'a, sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya kai wajen itacen.

Haro ya taho, bulala a hannu, idonsa jajir. Na ce yau tawa ta ƙare. Mutane suka dare masa. Ya iso har gabana ya ɗaga hannu, sannan idonsa ya sauka a kanta, a kan wuyan hannun nan da awarwaro ya yi wa yawa. Hannunsa ya tsaya a sama. Bai gaishe ta ba, ba ta dube shi ba. Ina jin numfashinsa, na san ita ma tana ji.

Can ta gyara zama, ta laluba gammonta ta ajiye shi a kan faifan da ya rufe ƙwarya. Da ni ta yi magana, murya a kwance, sai ka ce cinikin ɗinki muke yi.

"Gyartai, ka ce wa wancan ƙwaryar nan ta yi min nauyi."

Ku yaran gari ba za ku san girman maganar nan ba. Namijin Bafulatani ba ya ɗaukar ƙwaryar nono a ka, ko yaro ne, balle a tsakiyar kasuwa, balle mutumin da aikinsa ɗora wa wasu kaya. Ban ma sami bakin isar da saƙon ba. Ya saki bulalar ta faɗi. Ya cire jar darar ya ajiye a kan buhuna, ya ɗora gammo, ya tsuguna ya ɗauki ƙwaryar. Bai iya ba, nono ya fantsamo masa a kafaɗa. Ba wanda ya yi dariya. Ya kama hanyar Gitata, ita kuma ta tashi ta bi bayansa, ta bar 'yar tazara a tsakaninsu yadda ya kamata. Matan da aka kama wa 'ya'ya suna tsaye a bakin hanyar, suka bi su da kallo. Ɗaya ta tofar da yawu da ƙarfi. Inna ta ji, ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta kuma ƙara sauri ba.

Alkawarin da ya yi min kuwa abokansa ne suka cika shi. Suka tattake gurmin, suka sa ni cikin layi. Na ɗauki kaya zuwa Loko, na ɗauko wani na haura da shi, wuyan nan da kuke gani a karkace tun daga lokacin ne. A hanya na ga inda ake barin wanda ya kasa. Sai bayan kaka na dawo gida. Jumma ta gaya min Haro bai koma aikin ba, sun tashi da rugar zuwa wani wuri don kada a biyo shi, yana kiwon shanun baffansa. Inna ta rasu kafin wata daminar, shi ya haƙa mata kabari. Har ta koma ga Allah, in ji Jumma, ba a ji ta kira sunansa ba, amma ba ta yarda ta sa loma a baki sai ta ji an kai masa nasa.

Na haɗa sabon gurmi na koma gindin ɗorawa. Ranar farko da na zauna, ban gama kwance buhu ba sai ga mata uku sun durƙusa a gabana. Na duba hannuwansu, ba mai ƙwarya ko ɗaya. Ashe labari ya zaga ƙauyuka wai akwai gyartai a Keffi mai kiran ɓatattu. Na ce musu ni ba boka ba ne, sa'a ce Allah ya kawo. Ba su saurare ni ba. Ta farko ta rera min abin da ɗanta ke yi da fito in yana huɗa. Ta biyu ta ba ni kiɗan rawar da mijinta ke so. Ta ukun 'yar Mada ce, ba ma jin harshen juna, ta dai kama hannuna ta ɗora a kan tsirkiya, ta yi ta rerawa tana kuka har na kama.

Na kaɗa su duk ranar kasuwa, ina juya su ɗaya bayan ɗaya in na hango masu kaya. Na kalli hannuwan mutane har na gaji da kallo. Ba wanda ya tsaya. Biyu daga cikin matan suka zo daga baya suka ce in bari, an kawo musu labarin rasuwa, na bari. Ita 'yar Madan sai kawai na ga ta daina zuwa. Ban san ƙauyensu ba, ban san sunan yaron ba. Nata har yau ina kaɗa shi, don ba wanda ya zo ya ce min in daina.